Abawar Iya Turai

Kakata Iya Turai ba ta taɓa yarda ɗinkin keke sana'a ce ba. Ni tela ne, ina da 'yar rumfa a kasuwar Kiru, kuma duk ranar da na dawo gida Ba'awa sai ta tambaye ni ko yau ma wuni na yi ina taka ƙarfe yana yi mini aikina. Ni kuma in ce mata gara ni, ita da ta tsufa tana murza tsinke ɗaya bai taɓa kai ta ko Kwanar Dangora ba. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana, Maigida take ce mini, ni kuwa amarya nake ce mata. Wasan jika da kaka ne, amma wani sa'in har ran mutum ya ɓaci.

Gajeriyar mace ce, baƙa, mai kaifin harshe, haƙoranta sun yi ja da goro. Tun ina yaro ban san ta da wani wurin zama ba sai bakin ƙofar ɗakinta, a kan tsohon buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, taskirar auduga a gefe, yatsunta fari fat da alli. Ta ce tun ba ta iya daka ba uwarta ta danƙa mata mazari. Komai da hannunta take yi. Ta gurje audugar a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, sannan ta zauna kaɗi. In ta murza mazarin nan ya kama juyi za ka rantse a tsaye yake cik, zare kawai kake gani yana fitowa daga hannunta na hagu yana ƙara tsawo.

Kaɗinta iri biyu ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba ba zai gane abin da ya same ta ba. Akwai zare, siriri, mai murɗi da ƙarfi, shi masaƙi yake miƙewa a tsaye. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, ita ake sawa a ƙoshiya ana jefawa tana ratsa zaren. Iya takan ce abawa kowace mace tana iya kaɗa ta tana gulma, amma zare sai an kama baki. A zamaninta masaƙan Ɗansoshiya har aike suke yi a ajiye musu nata, don ba ya tsinke musu a masaƙa. Da mazarin nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi ta sayi awaki, da shi ta rufa wa kakanmu asiri a shekarun da gona ta ƙi.

Ni dai ko da na yi wayo kasuwar ta riga ta fara mutuwa. Atamfa ta cika gari, ga gwanjo, ga zaren kanti launi-launi wanda ba sai an gurza an shiɓe ba. Bayan canjin kuɗi kuwa manoman wajenmu suka yi ta barin auduga suna komawa masara da rake. Sa'o'inta wasu suka rasu, wasu suka koma ƙuli-ƙuli da daddawa. Jikokinta mata babu wadda ta tsaya ta koya, su ɗinkin hula suka sa a gaba, wai kaɗi aikin tsofaffi ne. Babana Ubale, ɗanta na fari, don kada ta riƙa yawon kala a gonakin mutane, yakan bar mata 'yan kunyoyi a gefen gonarsa ya shuka mata auduga, yana shukawa yana ƙunƙuni.

Ita ta kaɗa zaren da aka saƙa likkafanin kakanmu. Da ta fita takaba sai ta tara mu ta ce yanzu saura nata, kuma kada wanda ya kuskura ya naɗe ta a alawayyo. Uwarta da kakarta duk da kaɗin hannunsu aka rufe su, ita ma haka take so. Na ce mata amarya ki bar wahalar da kanki, alawayyo fari tas yana nan jibge a kasuwa, in ranar ta zo ni da kaina zan zaɓo miki mai kyau. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, rabin garin nan da yatsun nan na tufatar da su. Sai ni ce zan je gaban Ubangijina da kayan da ban san hannun da ya yi su ba?"

Na yi dariya, na ce to Allah ya ba ta sa'a. Daga ranar ba ta ƙara sayar da ko dunƙule ɗaya ba.

Aikin ya ci shekaru, don audugar ba ta da yawa, kuma ita ga tsirfa. Tsinkar fari kawai take ɗauka, wadda ta fi haske, sauran ta bayar a yi katifa. Abawa ta fara gamawa, ta jera ta a kwando ta rataye a ragaya. Sannan ta shiga zaren tsaye, shi ne ya ba ta wahala, domin idonta ya fara rauni, sai da hantsi take iya yi in haske ya cika tsakar gida. Duk dunƙulen da ta gama sai ta kira ni ta sa ni in ja in ji ƙarfinsa, wai in gaya mata ko kekena ya taɓa ganin irinsa. Gaskiya bai taɓa ba, amma ban taɓa faɗa mata ba, sai in ce ba laifi, tana ƙoƙari.

Lokacin da ta kammala, masaƙi ɗaya ne ya rage a Ɗansoshiya, wani dattijo Gwadabe, wanda ya ɗan girmi babana. Shi ma da rani kawai yake zama a masaƙa, da damina manomi ne kamar kowa. Ni na kai masa saƙo. Ya yi murna, ya ce zaren Iya Turai ai ko kyauta ne ya saƙa, akwai wani gwado a hannunsa, da ya sauke shi zai aiko a kawo ya yi wadari, wato ya jera zaren tsaye a turaku.

Zaren hannu ba a kai shi masaƙa haka nan. Sai an warware shi, an tsoma shi a talgen dawa mai ruwa-ruwa yana kan wuta, a matse, a shanya a rana ana karkaɗewa, har gashin jikinsa ya kwanta ya yi ƙarfi. Amma ba a yin wannan sai masaƙi ya kafa turakunsa yana jira, saboda zaren da ya sha talge abinci ne wurin gara da ɓera. Babu wanda ya fi Iya sanin haka, ita take yi wa wasu faɗa a kai. Ɗoki ne ya ɗebe ta. Tana jin amsar Gwadabe ta ce ba za ta zauna jiran aike ba, gara ya same ta a shirye.

Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta sa matata Zuwaira ta hura wuta, ta tsaya a kanta tana ba da umarni kamar mai aurar da 'ya, talgen ya yi kauri, a ƙara ruwa, a'a ya yi yawa, ke wa ya koya miki tuƙi. Kafin azahar igiyoyin gidan nan duk sun cika da farin zare. Ta ɗauki kara tana korar kaji da awaki, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Maƙwabta suka leƙo suna tambayar bikin wa ake yi, ta ce nata ne, kuma ba ta gayyaci Maigida ba don ba shi da rigar zuwa.

A shekarar nan ruwa ya sauka da wuri. Aiken da ya zo daga Ɗansoshiya ba na a kawo zare ba ne. Gwadabe ya ce a ba Turai haƙuri, ƙasa ta jiƙa, ba a wadari a danshi, ga shuka ta taso masa, a bari sai bayan kaka. Ba wanda zai ga laifinsa, mutum ba ya barin gona ya zauna saƙa. Iya ta tattara zarenta ta zuba a wata tsohuwar tukunya, ta ɗora ta a kan duwatsu a ƙarƙashin gadonta, ta zagaye da toka, ta rufe da faifai. Duk ranar da rana ta buɗe sai ta fito da shi ta shanya, ta share ƙarƙashin gadon, ta sake toka. Da haka ta yi ta kare shi har aka shiga marka.

A cikin markar ne santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. Ta bugu a ƙugu, zazzaɓi ya biyo baya, ɓarin jikinta na dama ya yi nauyi. Aka ɗauke ta aka mayar ɗakin innata don a riƙa kula da ita. Da bakinta ya buɗe, maganar da ta fara yi ita ce a fito mata da zarenta a shanya. Zuwaira ta tashi ta shiga ɗakin, ta rungumo tukunyar, tana fitowa suka yi kiciɓis da babana. Ya tambaye ta mene ne wannan, ta faɗa masa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Uwata tana kwance tana numfashi, ku shanya mini likkafaninta a tsakar gida? Masu zuwa dubiya su ce mun gaji da ita? Mayar da shi inda kika ɗauko."

Ta mayar. Ya ja ƙyauren ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Na bi shi zaure na yi masa bayanin talge da gara, na ce ko a bayan ɗaki ne a shanya inda ba mai gani. Ya ce shi ya san abin da ya sani, ranar da aka baza kayan nan a rana ranar za ta tafi, kuma duk wanda ya taɓa tukunyar nan bai yafe masa ba. Wa zai tsallake wannan kalma daga bakin uba? Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwanaki ba na cin abinci tare da shi. Amma na kuma ga mutumin nan a bayan rumbu yana share hawaye da bakin rigarsa, sai na rasa da wa zan yi fushi. Iya kuwa kullum sai ta tambaya. A ce mata yau akwai hadari, gobe in Allah ya yarda. Tana kwance tana ganin rana ta ƙofa, ba ta da ƙafar tashi.

Ba ta tafi ba. Bayan an yi girbi ta miƙe da sanda, tana jan ƙafa. Ranar da ta fara takawa ba ta nufi ko'ina ba sai ɗakinta, ta tsaya a ƙofa har aka kawo makulli. Ni na jawo tukunyar, da ƙyar ta taso, domin gara ta yi gini tun daga ƙasa, ta bi duwatsun ta hau jikinta. Faifan ina ɗagawa ya ruguje a hannuna. Ciki jar ƙasa ce cunkus, da ɗan fari-fari a jikinta. Iya ta sa hannun hagu ta damƙo, ta buɗe tafinta tana kallo. Duk guntun da ta zaro bai kai tsawon yatsa ba. Ta yi salati, ta zauna a bakin gado. Babana yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ita ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne, ko kallon inda yake ba ta yi ba.

"To, ga shi na tashi," in ji ta.

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ba ta ƙara tayar masa da maganar ba har abada. Ina jin da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Abawar dai tana nan lafiya a ragaya, ita ba ta sha talge ba, gara ba ta kula ta ba. Sai dai abawa ita kaɗai ba ta zama tufa.

Ta ce za ta sake. Ta sa aka shimfiɗa mata buzunta, ta shafa alli, ta ɗauki mazari. Babban yatsa da manuni na dama su suke murza mazari, su ne kuwa ciwon ya cinye. In ta murza sai ya yi tangal-tangal ya kwanta. In ya ɗan juya, abin da ke fitowa gab-gab ne, wani wuri kauri wani wuri siriri, kana ja ya rabu. Ta gwada da hagu, ya ƙi. Ta sa Zuwaira ta riƙa murza mata ita tana jan audugar, suka wuni suna faɗa, wannan ta ce an yi sauri wannan ta ce an yi jinkiri, har abin ya ba su dariya, daga dariyar kuma Iya ta kifa kai a gwiwa. Ni dai na daina tsokanarta, don ba na iya kallon hannun nan in yi wasa. Ashe ta lura. Wata rana ta ce mini ko mutuwa ta yi ne da na daina neman ta da faɗa, in kuwa sakinta na yi in faɗa mata ta san matsayinta. Na ce ina ni ina sakin amarya, na fita waje don kada ta ga idona.

Gwadabe da ya ji labari ya tako da ƙafarsa ya zo gaishe ta. Ya ce akwai dabara. Yanzu kowa zaren kanti yake miƙewa a tsaye, bari ya sayo fari mai kyau ya yi wadari da shi, ya jefa abawarta a ciki. Ya ce ai a jikin saƙa abawa ce take cika ido, ita ce take taɓa jiki. Iya ta yi masa godiya, ta sa aka dama masa fura, ta ce ita ba ta son rabin likkafani, hannunta zai dawo.

Damina biyu tana kan wannan magana. Na lallashe ta, innata ta lallashe ta, har matar liman aka turo mata. Babana bai iya zuwa ya yi mata maganar ba, sai ya koma gona ya ninka mata kunyoyin auduga, ya rage masararsa. Audugar ta yi kyau kuwa, aka tsinko aka tara mata buhu-buhu a ɗaki. Takan zauna ta gurje ta da hannu ɗaya, ta shiɓe, ta cika taskira, ta zauna tana kallonta. Hannun bai dawo ba, idon ma ya ƙara ja baya.

Wata safiya da bazara ta kira ni, ta ce in sauke kwandon nan in kai wa Gwadabe, ya yi yadda ya ce. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Na ɗaure kwandon a bayan keken hawa, ban ko karya ba na kama hanyar Ɗansoshiya. Na same shi a gindin bishiyar da yake saƙa, amma babu masaƙa, an ɗaure awaki a jikin turakun. Da murya ya gane ni. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara, 'ya'yansa kuma duk suna Kano, babu wanda ya gaji sana'ar. Ya sa hannu a kwandon ya ɗauko dunƙule ɗaya, ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya ce rabonsa da taɓa abawa irin wannan har ya manta. Ya mayar ya rufe da kansa. Ya ce da bara waccan ta yarda, da yanzu an wuce wurin.

Shi ya ba ni labarin wani masaƙi a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, ta wajen Doguwa. Na rufe rumfata na hau mota, inda mota ta tsaya na ƙarasa da ƙafa, kwando a ka. Na same shi, mutumin kirki, bai kai babana shekaru ba. Ya duba abawar ya yaba, ya ce zai yi, amma in dubi gabas, gizagizai sun fara haɗuwa, ya riga ya kwance masaƙarsa ya jingine, in dawo bayan kaka. Na roƙe shi, na ce tsohuwar ba ta da ƙarfi, na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna mini gonarsa da ko sharar fari ba a yi ba, ya nuna mini 'ya'yansa ƙanana a ƙofar gida. Na ɗauki kwandona na juyo gida.

Da na gaya mata, ta ce Allah ya kai mu kakar. Ta tambaya ko na mayar da kwandon ragaya, na ce na mayar. Ta ce in duba igiyar ko ta yi rauni.

Gero bai nuna ba ta rasu, da safe, bayan ta sha kunu. Babana ya aika kasuwa aka yanko alawayyo, babu wani abin da za a yi. Da yake ni ne tela a gidan, ni aka miƙa wa a zaure. Likkafani a wajenmu da hannu ake ɗinka shi, kuma daga gefen yadin ake zaro zaren ɗinkin. Na yanka, na jera, sai na ce a raina ko ba komai a samu kaɗinta a jiki, ko da a ɗinkin ne. Na shiga na ɗauko dunƙule ɗaya daga kwandon.

Abawar ta ƙi shiga allura. Na lasa bakinta, na murza, na sake gwadawa, ta yi kauri. Wani ya je ya kawo basillar ɗinkin buhu, a nan ta shiga. Babana ya matso ya kama mini ɗaya gefen yadin ya ja ya miƙe. Na soka basilla na ja, abawar ta bi ramin kaɗan, ta tsefe, ta rabu biyu. Na ƙara mata murɗi a cinyata na sake sokawa, ta sake rabuwa. Na ninka ta biyu, ta ƙi wucewa sam. Mutanen da ke zauren duk suna kallon hannuna, ni kuma gumi yana ɗiga a kan farin yadin. Abu ne mai taushi, don a jefa shi a ƙoshiya aka kaɗa shi, ba don a ja shi ta cikin yadin kanti ba, na sani, amma na kasa ajiyewa.

Aka aiko daga maƙabarta cewa an gama haƙa, ga hadari kuma ya taso. Liman ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Malam tela, ana jiranmu." Babana ya saki gefen yadin, ya karɓi dunƙulen daga hannuna ya riƙe a nasa. Na zaro zare daga bakin alawayyon, na zura a allura, na fara. Ɗinkin ya tafi sumul, ko sau ɗaya bai tsinke ba.